Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni: ra'ayina kan makunnin tankin ruwanmu

 

Kun saba ganin sanarwar taro ko ta ɗaurin aure ko ta rasuwa daga hannuna. Yau ra'ayi na kawo, kuma nawa ne ni kaɗai, ban ari bakin shugabanni ba. Na ga ya fi in faɗi abin da ke raina tun kafin taron ranar Lahadi, don mai ja ya zo da shirinsa, maimakon in bari sai an zauna in tsare mutane da dogon bayani ana duba agogo saboda Magariba.

Maganar ta rijiyar burtsatsenmu ce da tankunan bayan masallaci. Duk mai fitowa sallar Asuba ya san halin da ake ciki. Sau nawa muka tarar tanki ya cika ya tumbatsa tun cikin dare, ruwa ya bi ta ƙofar Islamiyya ya kwanta a layi? Maƙwabtanmu Yarbawa sun zo ofis sau biyu da ƙorafi, kuma da gaskiyarsu. Wata rana kuma akasin haka ake samu: a kawo wuta ƙarfe biyun dare, barci ya ɗauki mai gadi, wanda shi ma ɗan Adam ne, a ɗauke kafin gari ya waye. A tashi babu ruwan alwala, mata da yara su jera bokitai suna jiran abin da ba ya zuwa. Sumo kuwa sau biyu ke nan muna ciro shi a ƙone. Ni ke rubuta kuɗin a littafi, Baba Ma'aji ke ƙirga su yana tsaki.

Ga kuɗin wuta a gefe. Tun ranar 3 ga Afrilu 2024 da hukumar NERC ta ɗaga farashin 'yan Band A daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, ko da yake an ɗan rage daga baya, mita ba ta wasa da kowa. Sumo mai ƙarfin doki ɗaya yana cin kusan yunit ɗaya a awa. Idan ya yi awa biyu a kowane dare yana zuba ruwa a ƙasa, mun ƙona sama da naira ɗari huɗu kafin Asuba, a wata ya haura dubu goma sha biyu. Kuɗin marayu da zawarawa ne muke wanke layi da su.

Don haka babu wanda ke musun cewa ana buƙatar gyara. Inda aka rabu shi ne wane irin gyara.

A taron da ya wuce, ɗaya daga cikinmu ya gayyato wani mai sayar da kayan wuta, da kyakkyawar niyya. Ya nuna mana ɗan farin akwati da bai kai tafin hannu ba, ya haɗa shi da ƙwan fitila, ya danna wayarsa fitila ta kama, ya sake dannawa ta mutu. Aka yi ta masha Allah. Ya ce Baba Shugaba ko yana Kano wajen biki zai iya kunna sumo ya kashe daga aljihunsa. Ya kuma haɗa da kyamarori huɗu da za a riƙa kallo ta waya. Farashinsa da sauƙi, aikinsa na yini ɗaya ne.

Matasanmu kuma, ƙarƙashin yaron nan namu da ke gyaran kwamfuta a Computer Village, sun kawo wata shawara da ba ta samu tafi ba, domin babu abin da ya yi walƙiya a gaban mutane. Ita nake so in yi bayani, domin na fi karkata gare ta, amma da sharuɗɗan da su ma matasan ba lallai su ji daɗinsu ba.

Bari in fara da kaina. Irin wannan farin akwatin, ni na riga ku saya. A shekarar 2023 na sa an ɗaura mini shi a famfon gidan da muke haya, na yi watanni ina nuna wa baƙi kamar wanda ya sayi sabuwar mota. Sai ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, huɗu ga azumi, ina wajen aiki uwargida ta kira: an kawo wuta, tanki babu ko ɗigo, ga aikin buɗa-baki ya tunkaro. Na buɗe manhajar, sai juyawa take yi. Na rufe, na buɗe, na kashe wayar na kunna. Shiru. Mai wayarin ɗin da ya ɗaura abin ya cire tsohon makunnin bango, ya rufe sabon cikin akwati can sama kusa da rufi, don kada yara su taɓa. Sai da aka nemo tsani da ɗan maƙwabta ya hau ya danna ɗan maɓallin da ke jikinsa. Wuta tana nan, famfo lafiyarsa ƙalau, mai gida da uwargida duk suna so a kunna, amma abu ya gagara.

Daga baya muka ji dalili. A ranar ne manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka katse a gaɓar Kwaddibuwa. Kun tuna yadda manhajojin banki suka ƙi aiki, masu POS suna ta ba da haƙuri. To mene ne haɗin famfon gidana da tekun Kwaddibuwa? Nan ne sirrin abin yake. Idan ka danna wayarka, umarnin ba ya tafiya kai tsaye zuwa makunnin da ke gabanka. Yana bi ta turken sabis, ya fita ƙasar nan, ya je wata babbar kwamfuta ta kamfanin da ya ƙera makunnin, a Turai ko Amurka ko Sin. Ita ce za ta duba ta ga ko kai ne, sannan ta aiko wa makunnin saƙo ya kunna. Abin da ke tsakaninka da shi taku biyu, sai an je wata nahiya an nemo izini. Wannan kwamfuta ta kamfani ita suke kira gajimare. Suna mai daɗi, amma gini ne da ke da mai shi, da mai gadi, da kuɗin haya.

Wani zai ce ai tsautsayi ne na 'yan kwanaki. To 'yan uwanmu na Zamfara da ke cikin wannan ƙungiya su ba mu labarin watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar gaba ɗaya saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Wasu wuraren makonni suka yi, wasu watanni. Wanda ya ɗora ruwan gidansa a kan sabis a lokacin, da me zai yi alwala? Ba ma sai an je can ba. A watan Janairu na 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Farin akwatin nan yana buƙatar data a ofishinmu dare da rana, wata bayan wata. Ni da nake bin mutane kuɗin wata-wata na san yadda ake fama kafin a haɗa na mai gadi. Ranar da data ta ƙare ba a sabunta ba, wayar Baba Shugaba ta zama ado.

Akwai wanda ya fi wannan, wato ranar da kamfanin kansa ya gaji da kai. Ba hasashe nake yi ba, an yi a ƙasashen da suka riga mu shiga harkar. A Amurka akwai wata na'ura mai suna Revolv da ake sayarwa dala 300, tana sarrafa fitilu da ƙofofin gida. Kamfanin Nest, mallakar Google, ya sayi masu yin ta, a watan Mayu na 2016 ya kashe kwamfutar da take dogara da ita. Na'urar da ke lafiya ƙalau a gidajen mutane ta zama murfin tukunya. Kamfanin Wink ya yi shekaru yana sayar da tasa babu kuɗin wata, sai a 2020 ya wayi gari ya ce ko a riƙa biyan dala 4.99 duk wata ko a rasa yawancin aikinta. Shi kuwa Insteon ko sallama bai yi ba. A watan Afrilu na 2022 mutane suka tashi suka tarar manhaja ba ta aiki, sai daga baya wasu daga cikin masu amfani da kayan suka haɗa kuɗi suka sayi kamfanin suka farfaɗo da shi. Waɗannan fa mutane ne da ke da kotuna da jaridun da za su kai kuka. Mu da ke sayen kaya a Alaba, wani ma ba mu iya karanta sunan kamfanin da ke jikin kwalin, wa za mu kai wa ƙara?

Amma a ajiye duk wannan. Ko da sabis bai taɓa ɗaukewa ba, farin akwatin nan bai taɓo ciwonmu ba. Bai san tanki ya cika ba. Bai san wuta ta zo da rauni ba. Bai san ruwan rijiya ya janye ba. Hannu ne kawai mai tsawo. Har yanzu sai wani ya farka ƙarfe biyun dare ya danna, ya kuma tsaya ya yi kirdadon lokacin kashewa. Mun ɗauke rashin barci daga kan mai gadi mun ɗora wa Baba Shugaba ke nan. Ana iya ƙara masa na'urar auna ruwa, gaskiya ne, amma a yawancin masu arahar nan dokar da ke cewa "idan ya cika kashe" ita ma a can ƙasar waje take zaune. Daren da sabis ya yanke tanki yana tsakiyar cika, babu mai ce wa sumo ya tsaya.

Yanzu ga abin da matasa suka kawo, kamar yadda na zauna da su har sau uku sai da na gane.

Ƙwaƙwalwar abin tana zaune a ofishinmu. Ƙaramar kwamfuta ce, ko dai irin wadda ake kira Raspberry Pi, da aka fara fitarwa a Ingila a 2012, girmanta kamar katin banki kuma ba ta kai ƙwan fitila mai wat goma cin wuta ba, ko kuma tsohuwar laftof da wani ya daina amfani da ita. A cikinta ake saka manhaja mai suna Home Assistant. Wani ɗan ƙasar Holan, Paulus Schoutsen, ya fara rubuta ta a 2013, yanzu dubban mutane a duniya ke aiki a kanta. Kyauta ce, kuma a buɗe take, duk mai ilimin abin zai iya duba yadda aka rubuta ta. Ko da a ce gobe masu yin ta sun watse, wadda ke cikin kwamfutarmu za ta ci gaba da aiki yadda muka bar ta.

A wajen tanki da wajen sumo kuma sai a ɗaura ƙananan alluna da ake kira ESP32, waɗanda wani kamfani a Shanghai ke ƙerawa. Kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, yana da Wi-Fi a jikinsa. A nan ne na koyi abin da ban sani ba duk shekarun nan: ashe Wi-Fi daban, data daban. Ɗan MiFi ɗin da ke ofis, ko babu ko kwabo na data a cikinsa, ko an zare masa sim, yana iya haɗa na'urorin da ke kusa da shi su yi magana da juna. Kamar 'yan gida ɗaya ne a tsakar gida, ba sai sun sayi kati ba kafin su ji juna. Data sai idan za a yi magana da na waje. To duk maganar tanki da sumo da kwamfuta ta tsakar gida ce.

A jikin allunan nan ake liƙa abin da suke kira sansa, wato 'yan na'urori masu ji da aunawa. Guda biyu suka fi ba ni sha'awa. Ta farko tana ƙarƙashin murfin tanki, tana aika wani sauti da kunnenmu ba ya ji zuwa saman ruwa, ta ƙirga lokacin da amsa-kuwwarsa ta ɗauka kafin ta dawo. Da yake an san saurin sauti a iska, kusan mita 340 a daƙiƙa, sai ta lissafa nisan ruwan, ta ce tanki ya kai kashi kaza. Ta biyu tana kan wayar da ke kai wa sumo wuta, tana auna ƙarfin wutar da ta shigo da kuma yawan wadda sumo ke ja.

Wannan ta biyun ita ce maganin ƙonewar da ta cinye mana kuɗi. Wutarmu ya kamata ta zo a bolt 230. Idan ta zo da rauni sosai, injin yana ƙoƙarin juyawa bai samu ƙarfi ba, sai ya ja wuta fiye da ƙima, wayoyin cikinsa su yi zafi har su ƙone. Ɗaya hanyar mutuwarsa ita ce idan ruwan rijiya ya janye, musamman da rani. Ruwan da yake ja shi ke sanyaya shi, in babu ruwa sai ya yi ta juyawa a bushe. Alamarsa kuwa a bayyane take ga mai aunawa: injin da ba ya ɗaga ruwa ba ya jan wuta kamar yadda ya saba. Mai gadi ba zai ga wannan ba ko da idonsa biyu. Sansa tana gani cikin daƙiƙu.

Daga nan sai a rubuta dokoki, kuma mu ne za mu faɗi abin da za a rubuta. Idan an kawo wuta, a jira minti biyar ta zauna tukuna. Idan ƙarfinta bai kai yadda mai wayarin ya ƙayyade ba, kar a tashi sumo. Idan tanki bai sauka ƙasa da rabi ba, a bar shi ya huta. Idan ya cika, a kashe. Idan jan wutarsa ya faɗi yana tsakiyar aiki, a kashe a ba rijiya awa ɗaya ta tara. Ana ma iya rubuta dokokin nan a cikin ɗan allon da ke wajen sumo kansa, ta wata manhaja mai suna ESPHome, yadda ko kwamfutar ofis ta mutu shi zai ci gaba da binsu.

Abu ɗaya da ya ja hankalina a matsayina na mai riƙe littafi shi ne cewa kwamfutar tana ajiye tarihi. Ƙarfe nawa aka kawo wuta, ƙarfe nawa aka ɗauke, da wane ƙarfi ta zo, yunit nawa sumo ya ci. Alƙawarin Band A shi ne aƙalla awa 20 a rana. Yau idan muka je ƙorafi, baki da baki ne, kowa da abin da ya tuna. Da wannan za mu je da takarda ta wata guda, rana bayan rana.

Ya zuwa nan na yabi abin. Yanzu matasa ku yi haƙuri, zan faɗi inda yake yoyo.

Babban tsorona shi ne an gudu ba a tsira ba. Mun ƙi dogara da kamfanin da ke wata ƙasa, mun koma mun dogara da yaro ɗaya. Yaro kuwa ba dutse ba ne. Gobe zai samu aiki a Abuja, ko ya yi aure ya koma Ikorodu, ko ya yi fushi da wani dattijo ya daina zuwa taro. Waɗanda suka daɗe a ƙungiyar nan sun san cewa wannan shafin da kuke karantawa shi ne na biyu. Na farko yana nan a Facebook har yau da hotunan iyayenmu da suka rasu, ba mai iya shiga, domin kalmar sirrinsa ta tafi da wanda ya buɗe shi. Shafi ne wancan, an yi haƙuri. Ruwa ba a yi masa haƙuri.

Na biyu, abin ba mai sauƙi ba ne, kar wani ya ruɗe mu. Saitinsa da Turanci ne, kuma ba Turancin da muka yi a makaranta ba. Masu Home Assistant suna fitar da sabuntawa duk wata, wani lokaci sabuntawar takan ɓata abin da yake aiki lafiya, ga matasa kuma da son danna sabon abu. Ƙaramin katin ajiya da Raspberry Pi ke amfani da shi yana lalacewa idan ana yawan ɗauke masa wuta ba zato, shi ya sa ni na fi son tsohuwar laftof mai batirinta, a kuma jona ta a inbatan masallaci. Sansar tanki takan ruɗe idan gumin ruwa ya taru a fuskarta. Ga tsawar daminar Legas, ga kiyashi da tsaka da ke son ɗumin akwatin wuta. Duk wanda ya ce maka za a ɗaura a manta da shi, bai faɗi gaskiya ba, ko mai farin akwati ne ko ɗanmu ne.

Saboda haka matsayina bai zama na matasa ɗari bisa ɗari ba. Ina ganin a gina abin hawa-hawa, kuma hawan ƙasa kada a sa masa kwamfuta ko kaɗan. Akwai tsohon makunni mai iyo da ake jefawa cikin tanki, ɗan roba ne da waya a jikinsa: ruwa ya ɗaga shi ya yanke, ruwa ya sauka ya haɗa. Babu mai wayarin a Agege da bai san shi ba, kuma ana samunsa a kowane shagon kayan famfo. A haɗa shi da kontakta, wato babban makunnin da aka yi don ɗaukar nauyin inji, domin sumo idan zai tashi yana fizgar wuta ninkin abin da yake ci yana tafiya, kuma wannan fizga tana iya manne ƙaramin makunni irin na farin akwatin ya ƙi kashewa. A ƙara da ɗan akwatin kariya da ke yanke wuta idan ta yi rauni ko ta yi yawa. Waɗannan ukun kaɗai sun kashe mana ambaliyar layi da rabin ƙonewar sumo, ba da Wi-Fi ba, ba da kalmar sirri ba.

A kan wannan sai a sa makunni na hannu mai matsayi uku a bango, daidai tsawon mutum: kashe, kunna da hannu, bar shi da kansa. A rubuta da Hausa da Yarbanci a jikinsa. Tsanin da aka nemo a gidana ranar huɗu ga azumi, ba na so a nemo shi a masallaci.

Sai a hawa na sama a ɗora aikin matasa: su auna, su ajiye tarihi, su kare sumo daga gudu a bushe, su sanar da mu idan wani abu ya saɓa. Idan kwamfuta ta mutu mu koma hawan ƙasa, ruwa na zuwa, a gyara ta a tsanake. Sharaɗina a nan shi ne mutum uku su koyi abin, kuma a sa 'yan mata cikin masu koyon, domin muna da ɗalibai a Islamiyya da suka fi wasu samarin riƙe abu. A rubuta kalmomin sirri da zanen wayoyin a takarda, a sa a ambulan, a ajiye a akwatin Baba Ma'aji inda takardun fili suke. A kwafi saitin a filashi biyu. Kada a sabunta komai sai mutum biyu suna wurin. Idan daga baya Baba Shugaba yana son ya leƙa tanki daga Kano, akwai hanyar yin hakan da data, amma leƙe ne kawai, ruwa ba ya jiransa.

Shi ma mai kayan da ya zo mana ban ce a kore shi ba. A cikin irin kayan da suke sayarwa akwai masu aiki ba tare da gajimare ba. Akwai masu magana da yaren da ake kira Zigbee, waɗanda batiri ɗaya ke kai su shekara ko fiye, kuma tun 2022 manyan kamfanoni suka fito da wani tsari mai suna Matter da aka gina don na'urori su yi aiki a cikin gida. Gwajin da zan ba duk mai shirin sayen irin wannan kaya don gidansa ɗaya ne. Ka ce wa mai shago ya zare sim daga MiFi, ya kashe datar wayarsa, sannan ya danna ka gani. Idan fitila ta kama, yi ciniki. Idan ya fara kame-kame, ka mayar da kuɗinka aljihu.

Batun kyamara kuwa, a nan ba ni da sassauci. Ku dubi inda aka ce za a kafa su: bakin famfo inda mata ke ɗibar ruwa da sassafe, wasu da zanen gida, ƙofar Islamiyya, da lungun da ke kai wa wurin alwalar mata. Hoton nan idan ya fita ta intanet, a kwamfutar wani yake kwana. A shekarar 2023 hukumar kare masu saye ta Amurka ta tuhumi kamfanin Ring, mallakar Amazon, da cewa wani ma'aikacinsa ya yi watanni yana kallon bidiyon mata a ɗakunan kwana da banɗakunansu, kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5.8. A watan Fabrairu na 2024 kuma kamfanin Wyze ya amsa cewa kimanin mutum 13,000 sun ga hotunan kyamarorin gidajen da ba nasu ba. Manyan kamfanoni ke nan masu suna. Idan har muna buƙatar kyamara saboda ɓarayin waya da batir, a kafa ta tana kallon sumo da ɗakin inbata, ta riƙa ajiyewa a faifan da ke ofis a kulle, ba a buɗewa sai an yi sata, kuma a gaban mutum biyu. Kada ta shiga wayar kowa. Har da tawa. Iyayenmu mata, ina roƙon ku zo taron nan ku faɗi naku da bakinku, domin ku abin ya fi shafa.

Wani daga cikin matasa ya ce tun da kwamfutar tana iya lissafa fitowar rana da faɗuwarta da kanta ba tare da intanet ba, me zai hana a sa ta riƙa sakin kiran sallar da aka naɗa. Ta kunna fitilun harabar masallaci da Magariba, ta tayar da amfilifaya kafin Asuba, ban ƙi ba. Amma Baba Ladan yana nan da ransa da muryarsa, kuma hukuncin wannan na Malam Liman ne, ba na sakatare ko na injiniya ba.

Abin da zan gabatar ranar Lahadi shi ne a amince da hawan ƙasa da makunnin hannu nan take, domin kuɗinsu bai kai na ciro sumo sau ɗaya ba. A ba matasa wata uku su gwada nasu a kan tanki ɗaya, su kawo rahoto a rubuce. A jingine batun kyamara har sai mata sun yi magana. Takardun farashin ɓangarorin biyu na liƙa su a allon masallaci tun jiya, kowa ya duba da idonsa.

Ranar Asabar bayan La'asar matasa za su haɗa abin a ofis da bokiti da ƙaramin famfo, kuma ni da hannuna zan zare sim ɗin kafin su fara. Na aika wa mai kayan ma ya zo da nasa a gwada su tare. Wanda ke da mai wayarin da ya yarda da shi ya taho da shi ya yi musu tambayoyi. Masu bashin kuɗin wata kuma, littafi yana hannuna a ranar.

Wassalam.

Sakatare